Daga Wuse zuwa tsibiran Maldibi: yadda wani kamfanin tafiye-tafiye ya shirya mana hutun iyali

A watan Agustan 2025, lokacin dogon hutun makaranta, na kai iyalina tsibiran Maldibi da ke tekun Indiya. Mu shida ne: ni da uwargida, da yara uku masu shekara 12 da 9 da 5, da mahaifiyata wadda ba ta taɓa ganin teku ba sai na Jidda, shi ma ta tagar mota. Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke Wuse II a Abuja muka damƙa wa tsara komai, tun daga tikiti har masauki. Ba zan ambaci sunansa ba, domin abin da zan faɗa ya haɗa yabo da ƙorafi, kuma a ganina ƙorafin ya shafi da yawa daga cikin kamfanonin da suka goge a aikin Umara da zirga-zirgar Dubai, sannan suka ƙara hoton tsibiri a allon tallarsu.

A ɓangaren takardu dai ba ni da abin cewa sai sambarka. Ƙasar tana ba baƙo bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, kuma kamfanin ya faɗa mini haka tun ranar farko, bai ƙirƙiro wani kuɗin biza ya ɗora mini ba. Ma'aikaciyar da ta kula da mu ta nace a kan katin rigakafin cutar shawara, wanda ake nema daga duk wanda ya fito daga ƙasa irin Najeriya. Na so in yi sakaci da na ƙaramin yaron, sai ta ce, "Alhaji, har da autan, kowa sai da katinsa a hannu." Da muka sauka kuwa, katin ne farkon abin da aka tambaye mu. Ita ce kuma ta cike mana fom ɗin shiga ƙasa na intanet mai suna IMUGA, wanda ba a cikewa sai a cikin awa 96 kafin sauka, ta kuma nema wa Hajiya keken guragu a filayen jirgin Abuja da Doha da Male, babban birnin Maldibi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta taka doguwar tafiya ko sau ɗaya ba a filayen jirgin nan uku.

Matsalar ta fara ne daga inda babban jirgi ya ajiye mu, kuma tushenta shi ne ma'aikatan ba su fahimci yadda ƙasar take ba. Maldibi ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce da za a ce direba ya zo ya ɗauke ka zuwa otal. Tsibirai ne kusan 1,190 da suka jeru cikin zobba 26, daga arewa zuwa kudu sama da kilomita 800, kuma waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su wuce kimanin 200 ba. Kowane zobe da'ira ce ta duwatsun murjani, waɗanda wasu ƙananan halittun ruwa suke ginawa sannu a hankali. Tun 1842 masanin nan na Ingila Charles Darwin ya yi bayanin cewa murjanin yana somawa ne a gefen dutse mai aman wuta, dutsen ya yi ta nutsewa, murjanin kuma ya yi ta hawa neman haske, har a wayi gari babu dutsen sai zobe da ruwa mai lumfashi a tsakiyarsa. A kan wannan zobe ne yashi yake taruwa ya zama tsibiri. Shi kansa filin jirgin Velana a kan tsibirinsa yake, sai a 2018 aka buɗe gadar da ta haɗa shi da Male, babban birnin ƙasar. Saboda haka duk wanda zai je tsibiri mai nisa yana da tafiya ta biyu a gabansa, ko dai a ƙaramin jirgin sama, ko a kwale-kwale mai inji, ko duka biyun, kuma wannan tafiya ta biyu ita ce take cin kuɗi da lokaci da haƙuri.

Abu na biyu da ba su bambance mana ba shi ne masaukin iri biyu ne. Akwai tsibirin da otal ɗaya ya mallake gaba ɗaya, babu mazauna sai baƙi da ma'aikata, tsarin da aka fara a 1972. Akwai kuma ƙananan masaukan baƙi a cikin ƙauyukan mutanen ƙasar, waɗanda aka halatta tun daga 2009. Kamfanin ya fi son ya sayar mana da na farko, da hotunan ɗakunan nan da aka kafa a kan turaku cikin ruwa. Uwargida ta tambayi batun masallaci da batun giya, sai manajan ya ce, "Hajiya, ai ƙasar Musulmi ce baki ɗaya, ba ki da damuwa." Rabin gaskiya ya faɗa. Tsarin mulkin ƙasar ya tanadi cewa ɗan ƙasa Musulmi ne, kuma ba a shiga da giya ko naman alade a kaya, amma tsibiran otal suna da lasisin sayar da su ga baƙi. Da na gano haka da kaina, sai na sa aka raba kwanakin: huɗu a ƙauye, biyu a tsibirin otal.

Kwana huɗun nan na ƙauye su ne hutun. Ƙaramin jirgi ya kai mu Dharavandhoo da ke zoben Baa cikin kusan rabin awa, daga nan kwale-kwale ya ƙarasa da mu wani tsibiri da mutum zai zagaye shi da ƙafa tsakanin la'asar da magariba ya dawo da sauran lokaci. Titunansa farin yashi ne, mata suna share su da sassafe, babu hayaniyar mota, kuma kiran salla yana isa kowane lungu. Mutanen ƙasar mabiya mazhabar Shafi'iyya ne, don haka da asubar farko babban ɗana ya ɗan rikice da ya ji liman ya ɗaga murya da alƙunutu bayan ruku'u, jama'a suna amsawa da hannuwa a sama. Karin kumallo kullum abu ɗaya ne, kifin tuna da aka dagargaza da kwakwa da albasa da barkono, wanda suke kira mas huni, ana ci da wata siririyar gurasa mai suna roshi. Yara sun karɓe shi tun ranar farko. Hajiya kuwa sai da ta fito da yajinta daga jaka ta barbaɗa, sannan ta yanke hukunci cewa abin ba laifi, illa dai mutanen ba su san daddawa ba. Baƙi 'yan Turai suna da wani ɓangare na bakin ruwa da aka killace musu, sauran gaɓar kuwa kowa cikin sutura yake, matan garin ma da dogayen riguna suke shiga ruwa, abin da ya sa uwargida da 'yarmu suka sake.

A nan ne wani abu ya faru wanda babu shi a takardar kamfanin. Ran nan da yamma autan ya tsinto wani ɗan ƙaramin ƙoƙon ruwa mai santsi, mai baki kamar an tsaga, ya kawo wa kakarsa. Ta juya shi a tafin hannunta ta ce, "Maigida, a ina ka samo wuri? Yau ka biya sadakina." Ta san shi a jikin ƙwarya da adon kai tun tana yarinya, amma ba ta taɓa tunanin daga ina yake fitowa ba. Daga waɗannan tsibirai ne aka riƙa kwasar wuri shekaru aru-aru ana kai shi Afirka ta Yamma, har ya zama kuɗin cinikin kasuwannin Kano da Katsina kafin Turawa su kawo sulalla, kuma kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Matafiyin nan Ibn Batuta, wanda ya yi alƙalanci a Maldibi a shekarun 1340, ya ga wurin a can, ya sake ganinsa ana ciniki da shi a ƙasar Mali. Mai masaukinmu ya roƙe mu kada mu tafi da komai na bakin ruwa, don haka yaron ya mayar da sadakin inda ya ɗauko shi yana kumbure-kumbure.

Babu wanda ya gaya mana cewa Agusta damina ce a can ma. Ranin ƙasar daga Disamba ne zuwa Afrilu, daga Mayu zuwa Nuwamba kuwa iska da ruwa ne, kuma yini guda cur muka yi a ɗaki muna kallon bishiyoyin kwakwa suna sunkuyawa. Sai dai daminar ta zo da ribarta. Zoben Baa yana cikin wuraren da hukumar UNESCO ta keɓe tun 2011, kuma a lokacin damina ne manyan kifaye masu fukafukai da ake kira manta suke taruwa a mashigin Hanifaru domin cin ƙananan halittun da igiya take tarawa. Ni da manyan yaran biyu mun shiga da rigunan ceto da tabarau mai bututun numfashi, muka ga wata halitta mai faɗin tabarma ta gilma ƙarƙashinmu ba tare da ta kula mu ba. Mai masaukin ne ya shirya wannan fita, kamfanin bai ma san da ita ba. Ya nuna mana kuma wuraren da murjani ya mutu ya koma kamar toka sakamakon ɗumamar ruwa a 1998 da 2016. Wanda ya saba buɗe taga ya ga dutsen Aso, zuciyarsa takan ɗan tsinke idan ya tuna cewa ƙasar da yake tsaye a kai, a matsakaicin lissafi, ba ta fi ruwa da abin da ya wuce mita ɗaya da rabi ba. Hajiya ta tambaya ko akwai tudun da ake gudu idan ruwa ya taso kamar ambaliyar teku ta tsunami da aka yi a 2004, aka nuna mata benen makaranta.

Babban kuskuren ya faɗo ranar Juma'a. An rubuta mana cewa jirgin fito na gwamnati zai mayar da mu Dharavandhoo, inda kwale-kwalen otal zai tarbe mu. Jirgin fiton ba ya aiki ranar Juma'a, domin Juma'a da Asabar ne hutun mako a ƙasar, abin da kowane yaro a tsibirin ya sani. Na kira lambar gaggawar kamfanin da ƙarfe takwas na safe, na manta agogon can yana gaban namu da awa huɗu, wato a Abuja ko kiran assalatu ba a yi ba. Ba a ɗauka ba sai bayan an sauko daga masallaci a can, lokacin kuwa na riga na yi shatar kwale-kwale da dala daga aljihuna. Lambar gaggawar da take barci tare da mai ita ba ta da amfani ga wanda yake wata duniya da tsohuwa da yara.

Tsibirin otal ɗin kyakkyawa ne, ba zan tauye shi ba, abinci kuma iri-iri. Amma ɗakin kan ruwa ba wurin yaro mai shekara biyar ba ne, domin daga barandar sai teku, kuma uwargida ba ta runtsa ba sai da aka mayar da mu ɗakin ƙasa. Babu jam'i, kwalabe suna teburin maƙwabta, kuma otal ɗin ya tura agogonsa gaba da awa ɗaya domin baƙi su sami doguwar yamma, har sai da muka koma duban rana kafin mu yi salla. Lissafin ranar fita ne ya fi ɗaure mini kai. A kan duk abin da muka ci ko muka sha wanda ba ya cikin yarjejeniya, an ɗora kashi 10 na hidima da kashi 17 na harajin yawon buɗe ido. Ga kuma harajin muhalli, dala 12 a kan kowane mutum kowane dare a otal, dala 6 a ƙaramin masauki, wanda a kanmu mu shida ya kama dala 288, kuma babu shi a farashin da aka ba ni a Wuse. Ba kuɗin ne ya ɓata mini rai ba kamar yadda aka rubuta mini cewa komai yana ciki.

Dawowa Male a jirgin sama mai sauka a kan ruwa muka yi. Ba ya tashi sai da rana, kuma kilo 20 na kaya da kilo 5 na hannu kawai yake ɗauka wa mutum, alhali mun yi lodi daidai da abin da babban jirgi ya yarje mana. Nan ma sai da na biya ƙari.

Kwana uku da dawowarmu na koma ofishin da rasitai. Manajan bai yi gardama ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, laifinmu ne," kuma cikin mako guda aka mayar mini da kuɗin shatar kwale-kwalen, ko da yake harajin da na kaya sun ce ba nasu ba ne. Wannan ya sa zan iya sake ba su aikin tikiti da takardu ba tare da fargaba ba. Abin da ya shafi teku kuwa, wato ranar jirgin fito, da nauyin kaya, da sunan tsibiri, da harajin da yake ciki da wanda ba ya ciki, sai an rubuta mini shi dalla-dalla, na kuma tabbatar daga bakin mai masaukin da kansa kafin in biya ko sisi. Ga iyali irin namu, kwana shida a ƙauye cikin watan Disamba ya fi, kuma ranar da zan koma ba zan nemi otal ba. Hajiya ta riga ta ce idan da ita za a je, a ƙara mata daddawa a cikin kilo ashirin ɗinta.