Shayin sana makki: yana sassauta ciki, amma ba ya rage ƙiba

Ganyen sana makki ba ya wuyar samu a shagunan attar (masu sayar da ganyayyakin magani da kayan ƙamshi) na Makka da Jidda. Dangin filasko ne da muka sani a gida. Ana sayar da shi busasshe a leda, ana kuma zuba shi a wasu shayin kwali masu alƙawarin "rage tumbi".

Ga mai taurin bayan gida, yana aiki. A sha da dare, cikin awa 8 zuwa 12 ciki ya motsa. Illarsa murɗar ciki, kuma ganyen leda ba shi da ma'auni: yau ya yi sauƙi, gobe ya hana mutum fita. Ƙwayar senna (sunan sana makki a Turance) ta famasi ta fi shi, don an auna sinadarinta. Ko ita ma kada a wuce mako guda ba da izinin likita ba.

Inda ba mu yarda da shi ba shi ne batun ƙiba, musamman a hannun mai bulimiya. Wannan ciwo ne da mutum ke cin abinci mai yawa a zama ɗaya, ya kasa tsayawa, sai kunya ta kama shi ya nemi fitar da shi da amai, ko maganin zawo, ko yunwa da gangan. Idan hakan na faruwa sau ɗaya a mako har wata 3, likitoci na kiransa ciwo. Ya fi kama 'yan mata, kuma jikinsu sau da yawa daidai yake, shi ya sa iyaye ba sa lura. Tushensa yawanci matsananciyar rage cin abinci ce, da gorin jiki, da damuwa, da gado.

Sana makki a babban hanji yake aiki, alhali ƙaramin hanji ya riga ya tsotse abincin. Abin da sikeli ya nuna ya ragu ruwa ne. Tare da ruwan sinadarin fotasiyam ke fita, kuma idan ya yi ƙasa bugun zuciya na rikicewa, har ta iya tsayawa. In an daina sha, jiki ya riƙe ruwa, ƙafa ta kumbura, nauyi ya hau na ɗan lokaci. A nan ne mutane ke tsorata su koma. Kumburin yana sauka da kansa.

Maganin bulimiya da ya tabbata shi ne zaman gyaran tunani da ɗabi'a da ake kira CBT, kamar zama 20 cikin wata 5. Matakin farko: cin abinci sau 3 da ɗan taɓa-ka-lashe sau 2 ko 3, kada tsakani ya wuce awa 4, don yunwa ce ke jawo ci mai yawa. Likita na iya haɗawa da maganin ciwon damuwa mai suna fluoxetine, yawanci har miligiram 60 da safe. Bupropion kuwa, wani maganin ciwon damuwar, ba a ba mai bulimiya, yana iya jawo farfaɗiya. Azumin Ramadan ma a tattauna shi da likita tun Sha'aban.

Mai yawan amai kada ya goge haƙori nan take bayan amai, ya kuskure baki da ruwa tukuna. A fara da gwajin jini na fotasiyam. Lambar wayar Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ita ce 937. In akwai suma ko bugun zuciya ya rikice, sai asibiti kai tsaye.