Hattara da mai cewa "turo naira a nan, ka karɓi riyal a Makka"

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina jin nauyin rubuta wannan, don ni da hannuna na miƙa wa ɓarawo guzurin Innata. Amma shekaranjiya wani abokina a Jega ya turo min wani saƙo da ke yawo a guruf ɗinsu na WhatsApp, yana tambaya ko na san mai shi. Lambar sabuwa ce, hoton ma sabo ne, amma zancen ko wasali bai canza ba. Sai na ce gara in sha kunyar da in yi shiru a sake kwantar da wani.

Mutumin yana kutsawa cikin guruf-guruf na maniyyata da masu shirin Umara, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu har Yawuri. Ba ya farawa da maganar kuɗi. Sai ya share mako biyu yana turo addu'o'in ɗawafi, da hoton Harami da asuba, da shawarar irin takalmin da ba ya cin ƙafa. Sai an saba da shi an fara ce masa Alhaji, sannan ya ɓullo da zancen cewa yana da shago a Shara Mansur da ke Makka, kuma yana gini a gida, yana neman nairar biyan leburori. Duk wanda ya tura masa naira a nan, yaronsa zai kai masa riyal har ƙofar masauki. Wai taimakon juna ne, saboda Allah.

A azumin 2025 ne na raka Inna, ƙanwar mahaifiyata, Umara. Shinkafar rani ta sayar, ta haɗa da kuɗin santa guda. Bayan an biya kuɗin tafiya, saura naira miliyan 1 da dubu 700 na guzuri da tsaraba, ta damƙa min ta ce in san yadda zan yi da su. A lokacin dala tana wajen naira 1,500 da ɗoriya. Shi kuwa ya ce zai ba da riyal a kan naira 340.

Nan ne ya kamata in tsaya in yi lissafi, ban yi ba. Riyal ba kuɗi ba ne mai hawa da sauka yadda ya ga dama. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure shi da dala, dala 1 riyal 3.75, har yau. Ke nan in dala tana naira 1,500, riyal ba zai yi ƙasa da naira 400 ba. Wanda ya ce zai ba ka a 340, ce maka yake yi zai sayar maka da dala a 1,275 alhali ga masu saye a 1,500 suna layi. Wane ɗan kasuwa ne zai yi wannan asarar don kawai kun haɗu a guruf? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Wannan lissafin ko a bayan kwalin ashana za a yi shi, amma ni abin da idona ya hango kawai shi ne kuɗin Inna za su zama riyal 5,000 maimakon 4,250.

Kada ku ɗauka ban gwada shi ba. Na gwada, kuma gwajin ne ya kashe ni. Na tura masa naira 34,000, na ce a kai wa wani ɗan'uwanmu da ke karatu a Madina riyal 100. Kafin a yi la'asar ɗan'uwan ya kira ya ce an kawo. Mutum uku a guruf ɗin suka ce su ma an kai wa nasu. Yanzu na gane cewa wannan tsaba ce ake watsa wa kaji, kuma ina kyautata zaton cikin masu shaidar akwai layukansa shi kansa.

Ranar da zan tura manyan kuɗin, ya ba ni wani asusu daban, na irin bankunan nan na waya, da sunan mace a kai. Ya ce na iyalinsa ne, nasa ya cika. Inna tana zaune a tabarma tana tsince wake, ta ɗago kai ta ce, "Ɗan nan, wanga mutum ka san gidansu?" Na ce, "Inna, kowa ya san shi." Ta ce, "To, Allah shi sa albarka." Na danna.

Ba zan manta da yammacin da muka isa Makka ba. Masaukinmu a Misfala yake. Na bar Inna a ɗaki na sauko ƙofar otal ina jiran yaron Alhaji, don ya ce bayan la'asar. Ina tsaye da harami a jikina, leɓe ya bushe, duk baƙin yaron da ya gifta da leda a hannu sai in bi shi da ido. Na tura saƙo, tik biyu, ya ce cunkoso ne, a yi haƙuri. Aka sha ruwa. Na sake turawa, tik ɗaya. Na kira, a kashe. Na buɗe guruf, an cire ni. A aljihuna riyal 60 ne kacal da na canza a filin jirgi don ruwa da layin waya. Na fi rabin awa a gindin matakala kafin in iya hawa in gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Mun dai zo ɗakin Allah, ko?" Sauran kwanakin da taimakon 'yan ɗakinmu da bashin da na sa aka ci min a gida muka ƙarasa su.

Na san wani zai ce ai wannan hanyar ta daɗe, 'yan kasuwarmu sun shekara suna ba da naira a Kano ko Sakkwato a karɓa a Jidda. Gaskiya ne, kuma akwai masu amana a cikinsu. Amma waɗancan mutane ne masu rumfa, an san ubansu, an san wanda za a kama in an ji shiru, kuma ba sa karya farashi, hasali ma ɗan ladansu suke ɗorawa. Wannan kuwa ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

Abin da yake kama mutane da shi shi ne tsoron kati. A watan Fabrairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya ce kuɗin guzurin tafiya da bankuna ke sayarwa a daina ba da shi a hannu, sai ta kati ko tura wa asusu. Da aka so a yi wa alhazai haka a Hajjin 2025 an yi ta ƙorafi, har aka amince a ba su dala 500 ɗinsu a hannu. Shi sai ya riƙa cewa banki kati zai ba ka, kati kuma ba ya ci a Saudiyya. Ƙarya ce. Shagunan Makka da Madina suna karɓar kati, injinan cire kuɗi ga su nan birjik. Abin da ake bukata ka je bankinka tun kafin tafiya, ka tambayi ko katinka yana aiki a waje, nawa ne iyakarsa, nawa suke cira. In ka tsaya gaban inji ka rikice, kira na ayarinku, kada ka miƙa wa baƙo kati balle lambar sirri.

Ni yanzu in zan fita, kuɗina kashi uku nake yi musu: dala a bel ɗin da ke ɗaure a ƙuguna, wani abu a kati, da 'yan riyal na kashewar kwana biyu. Dalar kuma a banki ko wurin mai canji mai lasisi da ofis. A 1 ga Maris 2024 an soke lasisin 'yan canji 4,173 a tashi ɗaya, don haka tsohuwar takardar da ke rataye a bango ba hujja ba ce. Ka nemi 'yar ɗari mai shuɗin zare a tsakiya, wadda aka fitar a 2013. In ka karkata ta, hoton cikin zaren yana motsi. Tsofaffin ba su mutu ba a Amurka, amma masu canji da yawa suna ƙin su ko su rage musu daraja. Masu raka tsofaffi kuma ku lura: takardun dala duk girmansu ɗaya, dala 1 da dala 100 a hannun Baba da bai saba da su ba duk kore ne. Ku ƙirga masa da kanku, kada ya ba wani a sansanin alhazai wai ya duba masa. A can kuma a canza a shagon canji mai ba da rasit, a tuna da 3.75 ɗin nan. Ɗan abin da za su rage ba shi da yawa.

Da muka dawo na kai rahoto banki da wurin 'yan sanda da duk hotunan hirarmu. Asusun an kwashe shi tun ranar da kuɗin suka shiga. Wanda abin ya same shi kada ya jira dawowa kamar ni, ya kira bankinsa a take, ya sa wani a gida ya shigar da ƙara, akwai ofishin EFCC a Sakkwato. Ina biyan Inna kaɗan-kaɗan duk wata, ko da yake kullum sai ta ce in bari.

Saƙon da ke yawo yanzu ya ƙara da sefa, wai don masu bi ta Kamba zuwa Gaya da Dosso a Jamhuriyar Nijar. A ƙarshensa an rubuta "saura gurbin mutum 5, a hanzarta kafin Juma'a". Haka aka rubuta a wanda aka turo min a wancan karon, har da Juma'ar. Duk wanda ya gan shi a guruf ɗinsu ya ɗauki hotonsa ya nuna wa mai kula da guruf ɗin, ya kuma kira danginsa da ke shirin tafiya, musamman waɗanda ba sa karanta saƙo sai an karanta musu.