KoboToolbox: Manhajar Bin Sawun Sabon Tsari a Makarantun Gunduma

An horas da malamai, an raba littattafai, an yi taron ƙaddamarwa. Bayan 'yan makonni shugaban ilimi na gunduma yana ofis ana ta kawo masa rahoton "komai lafiya lau", alhali a aji malam ya koma kan tsohuwar hanyarsa. A nan yawancin sabbin tsare-tsare ke shan ruwa, kuma a daidai nan KoboToolbox take da rana.

Manhaja ce ta tattara bayanai da ta samo asali daga cibiyar ayyukan jinƙai ta Jami'ar Harvard. Ba don makaranta aka ƙera ta ba, amma ta dace da aikin masu duba makarantu. Ana tsara fom a kwamfuta, ko a shafinta ko a Excel, sai mai duba ya sauke shi a wayarsa ta hanyar manhajar waya mai suna KoboCollect, wadda ke aiki a Android kawai. Babban abin yabonta shi ne ba ta buƙatar intanet lokacin cikewa: a cike a aji, a tura in an samu sabis. Tana da tsarin kyauta mai iyakar yawan cikakkun fom da za a tura a wata da wurin ajiya, wanda zai ishi matsakaiciyar gunduma idan ba a cika ɗaukar hotuna ba.

Amfaninta ko rashinsa a fom ɗin yake. A ce an kawo sabuwar hanyar koyar da karatu a ajin farko. Tambaya 10 zuwa 12 sun isa, kowacce a kan abin da ido ke gani cikin minti 20: littafin jagora yana hannun malam ko yana cikin kabad? Darasi na nawa ake yau? Yara nawa ke riƙe da littafi? An ba su damar karantawa da bakinsu? Tambaya irin "malam ya ƙware?" ɓata lokaci ce, domin masu duba biyar za su ba da amsa biyar. Manhajar tana iya ɓoye tambayar da ba ta shafi ajin ba, tana kuma ƙin karɓar lambar da ta saɓa wa hankali, kamar a ce yara 60 na riƙe da littafi a ajin da aka rubuta yara 45. Tambaya ɗaya ce ta cancanci mai duba ya rubuta amsarta da kalmominsa: "Me ya hana?" Ita ke tono cewa littattafai ba su iso ba, ko jadawali bai bar wa darasin lokaci ba.

Kada a watsa fom ɗin ko'ina rana ɗaya. A gwada shi mako 2 a makarantu 4 ko 5, har da wadda ta fi nisa, a gyara, sannan a faɗaɗa. Dalili shi ne, sauya sunan tambaya bayan an fara aiki yana raba amsoshi gida biyu a Excel, kuma wayar da ba ta sauke sabon fom ba tsohon za ta ci gaba da turowa. Sunayen makarantu kuwa a jera su a zaɓa; in aka bar mutane su rubuta, makaranta ɗaya sai ta fito da suna huɗu. Akwai kuma mai duban da zai ajiye fom bai kammala ba, yana zaton ya tura. Minti 10 na horo ya isa maganin wannan.

Inda ta gaza shi ne nazari. Zanen ƙididdigar da take fitarwa na jimilla ne. Wanda ke son ganin ko wata makaranta ta ci gaba daga wata zuwa wata, dole ya fitar da bayanan zuwa Excel, a kuma samu mutum ɗaya da aka ɗora wa wannan aiki da sunansa. Ba ta tuna wa kowa ziyara, ba ta bin sawun alkawarin da aka ɗauka a taro. Alamar wurin (GPS) da take ɗauka tana tabbatar da cewa an je makarantar, sai dai a cikin gini takan yi jinkiri, gara a ɗauka a tsakar fili.

Sai abin da ya fi ƙarfin manhaja. Ranar da aka yi amfani da fom ɗin aka hukunta malami ɗaya, daga ranar kowane aji zai fara fitowa tsaf, bayanan kuma sun zama shirme. Shi ya sa ya fi kyau a cire sunan malami, a bar aji da makaranta, kada kuma a ɗauki fuskar yara. Duk mako 2 a zauna da shugabannin makarantu, a ɗauki matsala 2 kacal, a faɗi wanda zai magance kowacce da ranar da zai gama. Gundumar da ba ta da wannan zama, gara ta bar masu dubanta da takarda da biro.