Wata biyar da Linux Mint a kan tsohuwar laftof ɗina

Laftof ɗina ThinkPad T470 ce, ta 2017. Lafiyarta ƙalau, amma da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, sai na tsaya tunani. Windows 11 na neman TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, da furosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama, tawa kuwa ta bakwai ce. Ko dai in sayi sabuwa, ko in sauya mata manhajar da ke tafiyar da ita.

Na leƙa MacBook, laftof ɗin kamfanin Apple, ba ƙarya tana da kyau, batirinta ma abin yabo ne, sai dai ram ɗin (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) da aka saya da ita shi ke nan, ba a ƙarawa. Tawa ko sukurudireba kawai nake buƙata in buɗe bayanta. Hakan na yi, na kai ram ɗin giga 16.

Kafin in goge komai, na ɗora Linux Mint 22, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a filashi na kunna ta daga nan, na gwada Wi-Fi da sauti da kyamara. Duk suka tashi. Wajen girkawa babu wanda ya nemi imel ɗina ko ya ce in buɗe asusu. Suna da kalmar sirri kawai. Na kuma zaɓi a kulle faifan gaba ɗaya, yadda ko an sace ta ɓarawo ba zai ga komai ba. Wannan makullin idan ka manta shi, sai haƙuri, don babu mai buɗe maka. Ni na rubuta nawa a takarda na adana.

Abin da ya fi burge ni ƙarami ne: cikin jerin kibod akwai na Hausa, ina buga ƙ da ɗ da ɓ ba tare da na kwafo su daga wani wuri ba. Kuma sabuntawa tana jira har sai na ce mata bismillah. Za a ci gaba da tallafa wa wannan sigar har 2029.

Ba a rasa ƙaya ba. Firintata ta ƙi aiki kwana biyu, don kamfanin da ya ƙera ta bai damu da masu Linux ba. Wanda abincinsa ke kan Photoshop ma ya yi tunani, babu ita a nan.

Batun sirri kuwa, na ɗan ji kunyar kaina. Na rufe ƙofa, na bar taga a buɗe: ranar farko na shiga Gmail da Facebook a burauza ɗaya, tallace-tallace suka ci gaba da bina kamar da. Sai da na raba Gmail da Facebook a burauzar Firefox, na sa uBlock Origin mai toshe talla, sannan tallace-tallacen suka ragu. Wayar da ke aljihuna kuma ban ma taɓa ta ba tukuna.