Zagayen yini guda da jagora a Milan: safiyar ce ta biya kuɗina

Taron da ya kai ni birnin Milan na ƙasar Italiya ya ƙare ranar Alhamis, jirgina kuma sai Asabar. Don kada Juma'a ta wuce ina kwance a otal, na yi rajista da wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da ke tallar zagayen yini guda: da safe gine-ginen da aka yi da kula da muhalli, da rana gidajen tarihi biyu, da yamma kayan zaƙi. Mu takwas ne. Jagorarmu wata mata ce da ta karanci zanen gine-gine, muka haɗu da ita ƙarfe tara a bakin tashar jirgin ƙasa ta Porta Garibaldi.

Tafiyar 'yan mintoci ta kai mu gindin Bosco Verticale, wato daji a tsaye. Na sha ganin hotonsa a intanet, amma gani da ido daban ne. Benaye ne guda biyu, dogon ya haura mita 100, ɗayan bai kai shi ba, kuma kowace baranda da bishiyarta, ba fulawa a tukunya ba, bishiya sosai mai rassa da inuwa. Stefano Boeri da abokan aikinsa ne suka zana su, aka kammala a 2014. Bishiyoyi wajen 800 ke jikinsu, ban da dubban ƙananan tsirrai. Muna tsaye a ƙasa muna jin kukan tsuntsaye daga hawa na goma.

A nan ne matar ta nuna ta san aikinta. Ta ce ba a kwaso bishiyoyin an jibga haka kawai ba. Sai da aka raine su a gandu tun kafin a gama ginin, aka zaɓi wadda za ta zauna ɓangaren rana da wadda ke son inuwa, aka gwada yadda za su jure iska mai ƙarfi, sannan aka ɗaure manyan don kada guguwa ta tumɓuke su kan masu wucewa. Ruwan da mutanen gidan suka yi wanka da wanke-wanke da shi ake tacewa a yi ban ruwa. Ganyen na tare ƙura da zafin bazara, idan sanyi ya zo kuma wasu su kaɗe, hasken rana ya samu hanyar shiga ɗaki. Masu datse rassan ma da igiya suke saukowa daga rufin, kamar masu hawan dutse.

Na ce mata, "Malama, duk wannan nauyin ƙasa da ruwa, me ke riƙe shi?" Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce kankare da ƙarfe ne masu yawa, fiye da na bene irinsa marar bishiya, kuma sarrafa siminti na cikin abubuwan da suka fi fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya. Ta ƙara da cewa gidajen na masu hannu da shuni ne, kuɗin kula da bishiyoyin ma ba na kowa ba ne. Wannan gaskiyar ta ƙara mata daraja a idona, domin da ta so, da ta tsaya kan yabo kawai mu tafa mata. Mai niyyar zuwa ya sani, ba a shiga ciki, gidajen mutane ne. Amma wurin shaƙatawar da ke ƙasansu, Biblioteca degli Alberi, kyauta ne, daga can ma ginin ya fi fitowa.

Da rana ne tsarin kamfanin ya gaza. An ba mu awa ɗaya kacal a Pinacoteca di Brera, gidan zane-zanen da aka buɗe a 1809 zamanin Napoleon. Awa ɗaya ina za ta kai? Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani ɗaki na gilashi a tsakiyar zauren, inda masu gyaran tsofaffin zane ke aiki a idon jama'a. Na ga wata ta sunkuya da ɗan tsinke mai auduga a baki tana goge wurin da bai fi farce ba, a hankali ƙwarai. Ban yi minti biyar ba aka ce mu wuce. Gidan tarihin kimiyya da fasaha mai sunan Leonardo da Vinci ma haka muka ratsa shi a guje: muka leƙa samfuran injuna na katako da aka ƙera daga zane-zanensa, wani jirgin yaƙi mai nutso a teku mai suna Enrico Toti kuwa daga waje muka hange shi. Raina bai so ba. Da ɗaya suka zaɓa suka bar mu mu ƙoshi da shi, da ya fi. Ba laifin jagorar ba ne, ita ma agogo take ta dubawa.

Yamma ta ɗan wanke mini zuciya. Tun da safe na gaya mata ba na cin abin da aka sa wa giya ko kitsen alade, ba ta kuma manta ba. Duk shagon da muka shiga ita ke fara tambaya da Italiyanci, har ta hana ni wani kek da ashe an jiƙa shi da giya. Ta koya mana gane gelato na ƙwarai, wato askirim ɗin Italiya: idan na pistachio, wata 'yar ƙwaya mai kama da gyaɗa, ya yi kore shar, launi aka zuba, na gaske korensa a dushe yake. A wani gidan burodi aka yanko mana panettone, burodin Milan mai zabibi da ɓawon lemo, mai shagon ya nuna mana ƙarafan da ake soke shi da su a rataye shi kai a ƙasa bayan an fito da shi daga tanda, don kada ya lotsa kafin ya huce. Laushinsa kamar auduga, zaƙin kuma bai hau kai ba. Na sayi ƙarami guda na tsaraba.

Da na dawo otal na rubuta wa kamfanin cewa su raba zagayen gida biyu, ko su rage gidan tarihi ɗaya. Safiyar Asabar, kafin in kama hanyar filin jirgi, na koma Brera ni kaɗai na yi awa biyu.