Murya mai kyau da amon situdiyo ya danne: sharhin waƙar rabuwa ta wani sabon mawaƙi

Waƙar minti 3 ce da daƙiƙa 44, a kan rabuwar masoya, kuma ita ce ta farko da wannan matashi ya ɗora a Audiomack da YouTube. Da gangan na ajiye sunansa a gefe, domin sabon shiga ne, kuma yawancin abin da zan yi ƙorafi a kai ba shi kaɗai ke fama da shi ba, ciwo ne da ya zama ruwan dare a situdiyoyinmu. Hukuncina a taƙaice shi ne: yaron yana da murya, yana da abin faɗa, amma waƙar da aka saki ba ta kai wadda ya rera a gaban makirufo ba. Kayan aikin da aka jibga mata ne suka ci ta.

Duk mai son sanin ko wannan mawaƙi zai je wani wuri, ya tura waƙar zuwa minti 1 da daƙiƙa 36, inda baiti na biyu ya fara. A nan mai haɗa kiɗan ya ɗauke ganguna da bes, wato kiɗan ƙasa mai kauri, ya bar gita kaɗai da murya har tsawon daƙiƙa 21. Mawaƙin yana rerawa a ƙasan muryarsa, kusa da yadda yake magana, kana jin jan numfashinsa kafin kowane ɗango. Abin da yake faɗa ma ya fi ko'ina nauyi: ya bi ta ƙofar gidan su yarinyar da magariba, ga dakalin da suke zance a kai, sai yaron da ya saba aikawa ya kira ta ya sheƙo da gudu yana tambaya ko a shiga a yi masa sallama da ita. Yaron bai san an ɗaura aure ba. Babu kalmar hawaye ko ɗaya a wurin, amma duk wanda ya taɓa tsayuwar zance ya san abin da ke cikin wannan tambaya. Wanda ya iya rubuta wannan ɗango ya cancanci a yi masa sharhi da gaske, shi ya sa ba zan sassauta a sauran ba.

Baiti na farko bai kama ƙafar na biyu ba. An gina shi a kan amsa-amon “ya”: zuciya, duniya, gaskiya, masoyiya, kuma a fili yake cewa kalmomin ƙarshen aka fara jerawa, sannan aka nemo abin da za a cusa a gabansu. Ɗango huɗu sun wuce ba a gaya mana komai ba sai cewa yana cikin damuwa. Da ni ne, da baitin dakalin zan buɗe, in sake rubuta wancan daga tushe.

Kafin ma a kai ga baitin, akwai doguwar shimfiɗa. Gudun kiɗan bugu 90 ne a minti, wato kowane zagaye mai bugu huɗu yana cin daƙiƙa 2.67. An yi zagaye 12 na fiyano tsura, daƙiƙa 32 ke nan kafin a ji muryar mutum. Spotify ba ya ƙirga an saurari waƙa sai ta kai daƙiƙa 30, kuma mai lalube a waya ba ya yi wa sunan da bai sani ba wannan haƙurin. Zagaye huɗu, kimanin daƙiƙa 11, sun isa a kafa yanayin.

Babbar matsalata da waƙar tana amshi, kuma ta harshe ce kafin ta zama ta na'ura. Hausa tana da karin sauti, hawa da saukar murya suna canza ma'ana. A amshin, kalmar da aka fi nanatawa ita ce kuka, na mai hawaye, wanda gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke. Amma karin waƙar yana ɗaukar “ku” a sama ya jefar da “ka” ƙasa, kuma wannan faɗuwar ita ce ta kukar miya. Mai sauraro zai gane abin da ake nufi daga sauran maganar, amma kunnensa zai yi tuntuɓe, kuma sau huɗu ake maimaita amshin. Haka ya faru a ɗangon da ya ce zai bar gari: an ja gaɓar farko har bugu biyu, alhali gajera ce, sai kalmar ta karkata zuwa garin tuwo. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san yadda ake aiki yanzu. Ana fara haɗa kiɗan a kwamfuta, a yi gunaguni a kansa har kari ya fito, daga baya a nemo kalmomi a tura ciki.  Gyaran ba shi da tsada: a karanta kowane ɗango da baki kamar ana hira, a ɗauka a waya, a sa alama inda murya ta hau da inda ta sauka, sannan a kwatanta da karin. Ba lallai su dace a kowace gaɓa ba, waƙa tana da 'yancinta, amma a kalmar da ta ɗauki nauyin amshi da kuma ƙarshen ɗango, kada kari ya saɓa wa magana. Doguwar ja kuma a ɗora ta a kan gaɓa mai dogon wasali. Da ya riƙe gaɓoɓin kuka biyu a kan sauti ɗaya, sannan ya sauka a kalmar da ke biye, da an wuce wurin.

Amshin ya kuma yi masa tsayi. An ɗora waƙar a kan kin A maina (ki shi ne matakin sautin da ake gina waƙa a kai), kod huɗu, wato tarin sautukan da ake bugawa tare, suna juyawa, Am, F, C, G, daga farko har ƙarshe. Muryarsa tana zaune daram daga A ta ƙasa, mai 110 Hz (Hz ma'aunin sauti ne, ƙaramar lamba kauri, babba siranta), zuwa E mai 330 Hz. Amshin kuwa yana tura shi har A ta sama mai 440 Hz, inda maƙogwaronsa ke shaƙewa, sautin ya koma hanci. A amshin ƙarshe, daga minti 3 da daƙiƙa 1, ana jin gajiyar ƙarara. Sauke kin zuwa G maina zai mayar da ƙololuwar 392 Hz, wurin da zai iya kaiwa ba tare da ihu ba. Ana gwada ki da muryar mawaƙi kafin a gama haɗa kiɗa, ba bayan an gama ba.

Sai Auto-Tune, manhajar da ke gyara murya ta daidaita ta da sautin kiɗa. Ba na cikin masu ƙyamarsa, tun 1997 yake hannun masu aiki kuma ya zama wani ɓangare na sautin waƙoƙin fiyano na Hausa. Matsalar yadda aka saita shi ce. Karin da yaron ke bi mai sauti biyar ne, A, C, D, E, G, kamar yawancin karin da kunnen Bahaushe ya saba da shi, kuma yana da al'adar zamewa a hankali daga wani sauti zuwa wani. An bar na'urar a buɗe ga dukkan sauti 12, an kuma sa saurin gyaran kusa da sifili. Saboda haka duk lokacin da ya zame daga E zuwa D, sai ta cafke shi a sautin da ke tsakaninsu, ka ji wani ɗan tsalle kamar faifai ya sarƙe. Wannan zamewar kuwa ita ce inda baƙin cikin muryarsa yake. A cire sautukan da ba ya amfani da su daga jerin, a sassauta saurin zuwa tsakanin 25 da 40 a ma'aunin na'urar, a bar dogayen ja su yi rawarsu.

Amon ɗaki, wanda 'yan situdiyo ke kira ribab, shi ne ya ƙarasa binne kalmomin. Da yawa suna ɗauka yawansa ne ke sa waƙa ta yi tausayi. A nan jelarsa tana kaiwa kusan daƙiƙa 4, alhali kod yana canzawa duk daƙiƙa 2.67, don haka amon Am yana nan yana yawo lokacin da F ta shigo, har ya taɓa C. Sakamakon shi ne wani hazo tsakanin 200 da 400 Hz, daidai inda kaurin muryar namiji yake. Baƙaƙen da suka fi shan wuya su ne ɓ da ɗ, waɗanda dama ba su da ƙara sosai. A wurare da yawa sun narke sun koma b da d. Jelar daƙiƙa 1.5 zuwa 1.8 ta wadatar. A jinkirta shigowar amon da kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa domin baƙin farko ya fita tsaf, a kuma yanke duk abin da ke ƙasa da 300 Hz daga amon kansa, ba daga muryar ba. A gefe guda, ts da ƙ da sh suna sukar kunne a iyafis, alamar an matse muryar da kwamfiresa, na'urar da ke daidaita ƙarfin sauti, ba a tausasa yankin 5,000 zuwa 8,000 Hz ba. Akwai kuma bugun iska a kan f a baiti na farko. Bahaushe da leɓɓa biyu yake furta f, iskar tana tafiya kai tsaye cikin makirufo, don haka raga a gabansa da tazarar santimita 15 zuwa 20 wajibi ne.

Bes ɗin ya yi daɗi a babbar sifika, ya cika ƙirji. A sifikar waya kuwa babu shi sam, kuma a nan mafi yawan masu sauraron wannan waƙa za su ji ta, bayan an tura musu ta WhatsApp ko wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa. Sautinsa na A yana 55 Hz, na F yana wajen 44 Hz, ƙaramar sifika ba ta iya fitar da su. Idan amshi ya shigo, maimakon waƙar ta buɗe sai ta rame. Ana magance wannan ta hanyar ɗan ƙona sautin bes ɗin domin ya haifi 'ya'ya a 110 da 165 da 220 Hz, wato ƙarin sautuka da suka fi shi siranta, ko a ɗora wani siririn bes a samansa. Muryoyin rakiya ma an baza su hagu da dama da na'urar faɗaɗawa, da aka haɗe su a sifika ɗaya sai suka cinye juna. Danna maɓallin mono, mai haɗe hagu da dama wuri guda, sau ɗaya kafin a fitar da waƙa yana tona irin wannan.

Kalangun da aka saka a minti 2 da daƙiƙa 40 ya ba ni takaici, domin tunanin mai kyau ne. Amma na cikin kwamfuta ne, bugu ɗaya ake maimaitawa a sauti ɗaya. Darajar kalangu tana hammatar makaɗi, yadda yake matse igiyoyin ya saki har ganga ta yi magana. Zagaye takwas ne kacal. Makaɗi na gaske zai gama su cikin zama ɗaya, ya kuma amsa wa mawaƙin ɗangonsa da ganga.

A mastarin, wato gogewar ƙarshe kafin a saki waƙa, an tura ƙarar har ta kusa toshewa, baitin gita mai sanyi da amshin ƙarshe sun zama kusan ƙarfi ɗaya. Riba babu, tunda Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS, ma'aunin ƙarar waƙa, YouTube ma yana rage wadda ta yi yawa. Abin da aka yi asara shi ne tazarar da ke tsakanin raɗa da ɗaga murya, wadda waƙar baƙin ciki ke rayuwa a kanta.

Shawarata ga mai sauraro: idan ya ci karo da ita, ya sa iyafis, domin baiti na biyu kaɗai ya isa dalili. Ga mawaƙin kuma, idan fayilolin aikin suna nan a situdiyo, miksin ɗin, wato haɗa sautukan, ana iya sake shi a yini ɗaya: shimfiɗa, ribab, Auto-Tune, bes. Amshi da baiti na farko ne kawai ke buƙatar ya koma gaban makirufo, a kan G maina, bayan ya karanta kowane ɗango da baki ya ji inda Hausar take hawa da sauka.