Yadda na gano ƙauyen kakan surukina a kundin jiragen ruwan Hambug

Surukina, mahaifin matata, Ba'amurke ne mazaunin jihar Ohayo. Duk abin da ya sani game da salsalarsa shi ne an zo da kakansa daga Jamus yana yaro. Wane gari, wace shekara, babu wanda ya riƙe. Abin ya tsaya mini a rai, domin jikokinsa 'ya'yana ne, kuma ni a gidanmu ana lissafa kakanni da baki har hawa biyar.

Sai na biya kuɗin wata ɗaya a Ancestry, wani shafin intanet na binciken asalin zuri'a, saboda a can aka ɗora jerin sunayen fasinjojin da suka tashi daga tashar jiragen ruwa ta birnin Hambug da ke Jamus tsakanin 1850 da 1934, kusan mutum miliyan 5. Asalin kundin yana ma'ajiyar tarihi ta birnin. Abin da ya fi burge ni shi ne magatakardan wancan zamani sun rubuta garin da mutum ya baro, ba suna da shekaru da sana'a kaɗai ba. Idan babu sunan ƙauye, bincike a Jamus wahalar banza ce, don kowace coci ita ke riƙe da littafin haihuwa da aurenta, rajistar gwamnati kuwa sai 1876 ta game ƙasar.

Na sha wuya da rubutun. Tsohon salon hannu ne da ake kira Kurrent, harafin e kamar n yake, h kuma kamar f. Dare uku ina faɗaɗa hoton shafi guda har idona ya yi ja. A dare na huɗu na sami iyalin kakan a jirgin 1882: uba lebura, uwa, yara uku, ƙaraminsu ɗan shekara 7, daga wani ƙauye a yankin Mecklenburg da ke arewacin Jamus.

Mun ci sa'a da suka bi ta Hambug. Waɗanda kakanninsu suka tashi daga Bremen, wata tashar jiragen ruwa ta Jamus, kada su sa rai sosai, yawancin kundin can ya salwanta, wani an lalata shi saboda ƙarancin wurin ajiya, wani yaƙin duniya na biyu ya cinye.

Kuɗina bai tafi a banza ba. Da na kira surukina na ce, "Baba, ga sunan garinku," shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce in maimaita masa harafi-harafi, zai ɗauko biro.